Kujerar da Ta Kayar da Hedimasta

Ƙanena mai aski ne, kuma duk layinmu babu wanda ya san shi da wani suna sai Laifina. Ni na goya shi, saboda haka in na ce da halin aka haife shi, kada kowa ya ja da ni. Tun yana ɗan mitsitsi, in kofi ya fashe a gida, kafin Inna ta buɗe baki ya riga ya ce laifinsa ne, alhali a lokacin ma ba ya ɗakin. Haka ya girma. Ka taka masa ƙafa a motar haya, shi zai ba ka haƙuri, wai laifinsa ne da ya ajiye ƙafar a hanya. A ɗauke wuta ana tsakiyar aski, kan mutum rabi a aske rabi da suma, laifinsa ne. Ruwan sama ya jiƙa wanda ya taho shagonsa, laifinsa ne da bai faɗaɗa rumfa ba. Na taɓa jin sa da kunnena yana ba wani mai sanƙo haƙuri a kan gashin da ya zube tun kafin su san juna.

Shagona manne yake da nasa. Zare nake sayarwa da maɓallai da zif, kuma bangon da ya raba mu na katako ne, har ƙarar almakashinsa nake ji. Ban cika shiga ba, amma na san cikin kamar ɗakina: babban madubi mai tsaga a kusurwa ɗaya, rediyon da sai an buge shi yake magana, kofin ruwan magani da yake tsoma kan inji a ciki, da dogon benci na masu jira, waɗanda rabinsu ba aski ya kawo su ba, labari ya kawo su. Sai kuma uwa uba, kujerar. Ta ƙarfe ce mai jar fata, da wani hannu a gefe da ake ja ta kwanta baya in za a yi gyaran fuska. A gwanjo ya saye ta shekarar da ya buɗe shago, ta tsufa a hannun wani ta zo ta ƙarasa tsufa a hannunsa. Wani noti a ƙarƙashinta ya daɗe da cinyewa, shi kuwa gwanin naka ya samo waya ya naɗe wurin, ya ce na wucin gadi ne.

Wanda ya fara zama a kujerar nan, ranar da aka buɗe shagon, Hedimasta ne. Tsohon shugaban makarantar firamarenmu ne, shi ya koya wa ƙanena karatu, kuma har yau da ƙanen nawa ya yi furfura, "yaro" yake kiransa. Tun daga ranar, duk Asabar da hantsi sai ya zo, da sandarsa da jaridarsa, shekara fiye da talatin, kuma babu hannun da ya taɓa kansa sai na ƙanena. In ya zauna sai ya gyara wa rediyo magana, ya gyara wa masu benci, ya gyara wa mai askin riƙon reza. Ƙanena kuwa ranar Asabar yake rayuwa. Tawul dabam yake ajiye masa. In Hedimasta ya ce aski ya yi, sai ka ga mutum yana murmushi har washegari, sai ka rantse jarrabawa ya ci.

Duk zaman da Hedimasta zai yi, sai kujerar ta yi ƙara, shi kuma sai ya ce, yaro, kujerar nan tana kuka, a duba ta. Ƙanena ya ce laifinsa ne, gobe zai gyara. Ta bango nake jin su, na ji wannan gobe har na haddace ta.

Maganar inshora kuwa 'yarsa ta fari ce ta kawo ta. Lauya muke ce mata. Ba lauya ba ce, akawu ce a wani kamfanin fenti, amma tun tana rarrafe ba a cin ta a musu. Ita ta tasa ubanta a gaba har ya shiga irin inshorar nan da ke ɗaukar nauyi in wanda ya zo shagonka ya ji rauni. Ya sa hannu don a zauna lafiya, ya cusa takardun a bayan madubi, bai ƙara bi ta kansu ba.

To, wata Asabar ina cikin ƙirga wa wata tela maɓallai, na ji ƙanena ya ja hannun kujera kamar kullum. Maimakon kukan da na saba ji, sai na ji ƙarau, sannan tim. Na yi watsi da maɓallan na faɗa shagon. Hedimasta na kwance a ƙasa, ƙafafu a sama, kumfar sabulu a gemu, ya dafe hannun dama yana nishi. Bayan kujerar ya rabu da gindinta, wayar nan tana reto.

Gaskiya ƙanena ya yi abin da ya kamata. Ya hana masu benci su ja tsohon, ya tallafi hannun da tawul, ya goge masa kumfar, ya tare mota, ya ɗauke shi cak ya sa a ciki. Na bi su. A hanya ina zaune a gaba, kunnena na baya, ina jiran kalmar nan da na saba ji sau ashirin kafin azahar. Shiru. Na waiwaya na ga leɓensa na motsi, amma ko uffan ba ta fito ba. Hedimasta ma, duk da azabar da yake ciki, na ga ya buɗe ido ya dube shi, ya jira, sannan ya mayar ya rufe. A asibiti aka ce wuyan hannu ya karye, aka ɗaure shi da filasta, aka ce sai ya yi 'yan kwanaki saboda ƙeyar da ta bugu. Da 'ya'yansa suka iso, ƙanena ya sulale ya fito.

Muna komawa shago ya rarumi sifanar ɗaure noti ya kutsa ƙarƙashin kujera. Wato gobe ta zo ke nan, bayan ta gama ɓarna. A haka Lauya ta same shi, ƙafafunsa kaɗai ake gani, ta kama ɗaya ta jawo ubanta waje. Ta zaro takardun daga bayan madubi, ta kakkaɓe ƙura, ta shiga karanto masa abin da ke kansa. A sanar da kamfani yau, ba gobe ba, kuma ta ƙara nanata ba gobe ba. Kada a taɓa kujera, a bar ta yadda ta faɗi har su zo su gani. A ɗauki hoto. A rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Duk takardar da ta zo daga gidan Hedimasta ko daga wani lauya, a miƙa wa kamfani kai tsaye. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Baba, wannan ce babba. Ba za ka amsa laifi ba, ba za ka yi alkawarin biyan komai ba. In ka yi, suna iya zame hannunsu, kai ba ka da abin biyan asibiti, shi kuma Malam ya tashi a tutar babu."

Masu benci suka kwashe da dariya, wai an hana Laifina cewa laifina, gara a hana shi numfashi. Ni ma na dara. Shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya gyaɗa kai da sauri, har na ga kamar an sauke masa kaya ne.

A nan take ta kira kamfanin ta ba shi waya, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, tana tsaye a kansa tana zare masa ido. Ta ɗauki hoton kujera ta gaba, ta baya, ta ƙasa, ta zagaye ta da igiyar shanya. Da aka zo kan shaidu kuwa, tirƙashi. Mutanen nan da suka yini suna ba masu wucewa labari, kowa na nuna yadda ƙafar Hedimasta ta tashi sama, da suka ji za a rubuta suna sai idon kowa ya lalace. Wannan yana ɗaure takalmi a lokacin, wancan atishawa ta kama shi. Sai da na ce duk wanda bai gani ba kada ya ƙara zama a bencin nan, sannan mutum biyu suka tuna sun gani.

Kujera ta zauna a tsakiyar shago cikin igiyarta, ƙanena ya koma aski a kan kujerar roba da ya aro a wurina. Kullum da yamma sai ya sayi lemu, ya sa riga mai kyau, ya nufi asibiti. Ba a jimawa sai ga shi ya dawo da lemun a hannu. Wai ya isa bakin ƙofa, ya tuna halin bakinsa, ya ji tsoro. Wata rana kuma ya ce bai tabbata ba ko lemun ma biya ne, Lauya ta yi dogon nazari ta ce a dai bar shi, don gudun matsala. Ni na sha lemun nan har haƙorana suka mutu.

Aka sallami Hedimasta ya koma gida, ƙanena bai je ba. Asabar ta zo, ya fito da tawul ɗin nan ya ninke, ya mayar. Wata Asabar ta sake zuwa. Labari ya fara iso mu ta bakin masu benci: ɗan Hedimasta ya kai masa wani mai aski har gida, tsohon ya kore shi da sanda. Gemu ya cika fuska. Kuma wai ya ce kada a ƙara ambaton sunan yaron nan a gidansa. Da ƙanena ya ji wannan, ranar ya ɗauke wa wani direba rabin gashin baki. Ya daina cin abincin kirki, rediyo ma ya daina bugunsa. Ni abin ya daina ba ni dariya, don na ga zumuncin shekara talatin yana shirin mutuwa a kan idona, kuma na san in ya mutu ƙanena ba zai ƙara zama mutum ba.

Na ce to bari in yi masa horo. In na shiga shagon sai in taka masa ƙafa da gangan, in ga ko zai iya yin shiru. Ina! Kafin in ɗaga ƙafar ya ba ni haƙuri. Na sa ya riƙe mataji a baki, ya faɗi laifina ta hanci. Ya ce, Yaya, kin gani ko, shi ya sa ba zan je ba. A nan ne abin da ke ci mini rai tun ranar motar ya fito fili. Na jawo ƙofar shagon na rufe, na wanke shi tas. Na ce a kan ƙafar da na taka maka bakinka ba ya gajiya, amma a cikin mota, tsoho na nishi a cinyarka, wa ya rufe maka baki? Lauya ba ta zo ba tukuna, ba a karanta maka komai ba. Na ce duk laifin da ba naka ba ka ɗauka da gudu, don ba shi da nauyi. Ranar da naka na gaskiya ya zo sai ya maƙale maka a wuya, yanzu kuma ka samu inshora ka laɓe a bayanta. Ya zauna a kan bencin ya rufe fuska da tawul ɗin Hedimasta, na bar shi a nan na koma wurin zarena raina a ɓace.

Ba a daɗe ba matar inshora ta zo. 'Yar gajeruwa ce mai tabarau da takalmi mara tsini, ba ta da yawan magana. Ta gaishe mu, ta tattare zaninta ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin kujera da fitilar waya. Ta daɗe tana kallon wayar nan da aka naɗe, sannan ta tambayi wanda ya naɗa ta da kuma tun yaushe. Lauya na gefe tana yi wa ubanta alama da ido, da gira, da tari. Shi kuwa sai ya dube ni, ya dubi kujerar, bakin da ya toshe ya ɓalle. Ya ce shi ya naɗa. Ya ce notin ya daɗe da ci, ya sani. Ya ce wanda ya faɗin ma ya sha gaya masa, shi kuma yana cewa gobe. Lauya ta dafe kai ta jingina da madubi.

Matar ta rubuta abin da za ta rubuta, ko a jikinta. Ta ce haka ake so. Su dole ne a gaya musu gaskiya duka, ɓoye musu ne zai ɓata lamarin, kuma ai don ranar da sakaci ya zama naka ake yin inshorar tun farko. Ta ce ya yi daidai da ya sanar da wuri, ya bar kujera yadda take. Sannan tana rufe jakarta ta tambaya, ya jikin dattijon? Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce bai gan shi ba tun ranar. Ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya hana ka? Cewa muka yi kada ka yanke wa kanka hukunci a gabansa, kada ka yi alkawarin kuɗi, wannan ka bar mana har mu gama. Gaisuwa ba mu hana ba."

Ya tambaye ta lemu fa. Sai da ta zauna a bencin don dariya. Ta ce lemu ma ya halatta. Wannan ce rana ta farko da na ga an ci Lauya a musu.

Asabar da hantsi ya haɗa inji da reza da buroshi da tawul a jaka, ni kuma na rufe shagona na bi shi, don kada ya isa bakin ƙofa ya juyo. Muka tarar da Hedimasta a falo, hannu a rataye a wuya, gemu buzu-buzu har ya kusa haɗiye bakinsa. Ya amsa gaisuwata, ya ƙi kallon ƙanena. Ƙanena ya durƙusa ya ce sannu, Malam, ya jiki. Tsohon ya yi magana yana kallon bango.

"Ruwan sama laifinka ne. Ɗauke wuta laifinka ne. Ranar da hannuna ya karye a shagonka kuwa, ba laifin kowa ba ne. Ba hannun ya fi yi mini zafi ba, yaro."

Na ga ƙanena ya buɗe baki, na ce shi ke nan, yau inshora ta tafi. Amma ya daure. Ya ce akwai maganar da aka ce ya riƙe sai an kammala, kuma zai riƙe ta don kada Malam ya yi asara biyu. Ya ce waɗanda ya kamata su ji sun ji komai daga bakinsa, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya buɗe jaka ya ce aski dai ba a hana shi ba.

Hedimasta ya yi tsaki, amma ya ɗaga haɓa. Ashe ɗansa ya riga ya gaya masa sharaɗin, kuma tsohon ya ƙudurta sai ya rama. Ana ɗora masa tawul ya ce ruwan ya yi zafi. Ƙanena ya buɗe baki, ya cije leɓe, ya surka. Tsohon ya ce yanzu kuma ya yi sanyi. Ya ce reza ta karce shi, alhali ba a fara ba. Ya ce hasken taga yana shigar masa ido, wa ya zaunar da shi a nan? Gumi ya wanke wa ƙanena fuska, yana askin yana haɗiye kalma ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina gefe ina ɓare lemu ina danne dariya. Da aka gama, tsohon ya dubi madubin hannu ya shafa haɓa, bai ce aski ya yi ba. Ya ce dai a zo Asabar mai zuwa. Haka aka riƙa yi, duk Asabar da irin tarkon da zai ɗana, kuma yabon nan bai fito ba ko sau ɗaya.

Daga baya kamfani ya daidaita da gidan Hedimasta, suka ɗauki nauyin asibiti da jinyar hannun, matar ta kira ta ce an rufe magana, kujera ma a yi yadda aka ga dama da ita. Ƙanena ya kira masu sayen tsohon ƙarfe suka tafi da ita, ya kawo wata, ba sabuwa fil ba, amma sai da ya sa makaniki ya bi notinta ɗaya bayan ɗaya.

Asabar ɗin da ta biyo, na ji ƙarar sanda a kan dakali. Na manna kunne da bango, da na ga bai ishe ni ba na fito na tsaya a bakin ƙofa. Hedimasta ya shiga, an cire filasta, hannun ya rame. Ya kama sabuwar kujera da hagu ya jijjiga ta, ba ta yi kuka ba. Amma bai zauna ba. Ya dogara sanda ya tsaya yana kallon ƙanena. Ƙanena ya ajiye almakashi. A hankali ya faɗi kalmar nan, ban taɓa jin ta yi masa nauyi haka ba.

"Laifina ne, Malam. Ka gaya mini, na ji, ban gyara ba. Ka yafe mini."

"To, yau ka yi magana," in ji Hedimasta. "Na yafe." Ya jingine sandarsa ya zauna, ya ce a rage gefen kunne, kada a taɓa sama. Ni dai hawaye na ji a fuskata, kuma ban ɓoye ba, na goge da gefen mayafi a gaban kowa.

Ana cikin askin hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da ƙarfi. Wani ya faɗo shagon a jiƙe sharkaf yana mita a kan ƙaramar rumfa. Duk muka juya muka zuba wa ƙanena ido, har Hedimasta ta cikin madubi. Ya dubi mutumin, ya miƙa masa busasshen tawul, ya ce sannu, ruwa ne, ya koma kan gefen kunnen da yake ragewa.